Anti Jan Biro

A ƙarshen barandar sashenmu na nazarin kafofin yaɗa labarai, bayan an wuce ofishin shugaban sashe da ɗakin da ake jibge tsofaffin kundaye, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Nan Anti take zama. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana buga takardun sashen, tun zamanin tafireta har zuwan kwamfuta, kuma yawancin malaman da ke sa hannu a takardu yanzu ita ta buga musu kundin digirinsu na farko. Ɗalibai suna kiranta Anti Jan Biro. Ko a gabanta haka suke faɗa, tana kuma amsawa.

Ga inda sunan ya samo asali. In mai bincike ya kawo mata hirarrakin da ya naɗa, sai ta sa hedifon a kunne, ta cire takalmin ƙafar dama, ta ɗora ƙafar kan wata tsohuwar feda da ke ƙarƙashin tebur. In ta taka, murya ta tafi. In ta ɗaga, murya ta tsaya ta ɗan koma baya. Hannayenta ba sa barin madannai. Bayan ta gama ta fitar da shafukan, sai ta ɗauki jan biro ta bi gefen takarda tana rubuta abin da ba magana ba: "an buɗe ƙofa," "ya sha ruwa kafin ya amsa," "ta yi dariya amma ba ta jin daɗi ba." Ba wanda ya taɓa sa ta wannan aikin. Malamai kan karanta baƙin rubutu su tsallake jan.

Na dawo gida bayan shekara tara ina karatu a ƙasar waje, aka ba ni ofishin da ke kusa da nata. Bincikena a kan yadda labari ke yawo ne a guruf-guruf ɗin waya na unguwanni, inda mutane suka fi aika saƙon murya fiye da rubutu. Ban kai mata aiki ba, domin na zo da manhajar da ke mayar da murya rubutu cikin daƙiƙa.

"Dakta," ta ce da ni a satin farko, "na ji ka zo da injin da zai kore ni."

"Haba Anti, wa ya isa? Sauƙin aiki ne kawai."

"Yana ji da kyau?"

"Cikin kalma ɗari da wuya ya kuskure goma."

"Kalma na tambaye ka? Cewa na yi yana ji?"

Na yi dariya, na ɗauka barkwancin manya ne.

Guruf ɗin da na zaɓa na wata unguwa ce a bayan kasuwa. Mutum ɗari bakwai da 'yan kai ne a ciki, dattawa biyar ke riƙe da shi, shugabansu wani tsohon ma'aikacin gidan waya da kowa ke kira Ciyaman. Suka amince suka ba ni saƙonnin wata uku, na cire lambobin waya na sa wa kowace lambar ɓoye. A cikin watannin nan uku ne wata jita-jita ta tashi, wai gidan burodin unguwar yana zuba wani sinadari a fulawa mai lalata ƙoda. Duba-gari sun zo sun bincika ba su ga komai ba, amma kafin nan rabin masu sayen burodin sun gudu.

Manhajata ta zaƙulo saƙonni ɗari da arba'in da suka taɓo maganar. Sittin da ɗaya daga lamba guda suka fito, wadda na sa wa sha bakwai. A littattafan da na karanta akwai suna na musamman ga irin wannan, mutum ɗaya mai baza yawancin ƙarya, kuma ga shi na same shi da hannuna. Tun farko na yi wa dattawan alkawarin taƙaitaccen sakamako, don haka ranar Litinin na kai musu shafi biyu masu tambarin jami'a, da zanen sanduna: gajeru da yawa, sai doguwa ɗaya da ta kusa fita daga takarda. A tunanina lambar ɓoye ta rufa wa mai ita asiri. Ciyaman bai ɗauki minti goma yana duba wayarsa ba ya gano ko wane ne.

Ranar Talata wani mutum ya yi sallama a ƙofar ofishina. Siriri ne, zai kai shekara hamsin, da tef ɗin awo rataye a wuya, da alama ya manta bai cire ba. Ya ce shi ne telan bakin mararrabar unguwar, kuma shi ne lamba sha bakwai.

"Ranar Asabar za su zauna su cire ni daga guruf, su kuma sanar da dalili," ya ce. "Duk ɗinkin kayan makarantar da nake samu ta nan yake zuwa. Tun jiya mutum huɗu sun zo sun karɓe yadinsu. Dakta, ni ban faɗi maganar nan ba."

"Amma wayarka ce."

"Wayata ce. Aronta ake yi. Wanda datarsa ta ƙare sai ya ɗauka."

"Ka faɗa wa Ciyaman haka?"

"Na faɗa. Ya ce kowa aka kama haka yake cewa, kuma jami'a ta ce mutum ɗaya ne."

"To su wane ne suka ara?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ƙarshen tef ɗin. "Maƙwabta ne. Ina kan keke, ba na sauraron abin da suke faɗa. Ko da ina tunawa ma, ba zan kawo sunan wani a cire shi a madadina ba."

Na ce zan duba. Gaskiya ban san abin da zan duba ba. Saƙonnin nan duk na karanta su a rubuce, amma ko ɗaya ban taɓa saurara ba. Da na kunna biyu bayan tafiyarsa, sai na ji muryoyi ne a ƙasa-ƙasa irin na mai gulma, ga hayaniya, ba za ka rantse ko na wane ne ba.

Ina cikin haka Anti ta leƙo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Bangon nan ba shi da kauri," ta ce. "Zuba mini su a filashi. Ba sittin da ɗayan kawai ba, duk abin da ya fito daga wayar."

"Sun fi ɗari uku, Anti."

"Na ce maka ina da biki ne?"

Kwana biyu ta yi a kansu. In na wuce ta ƙofarta sai in ga idonta a rufe, ƙafarta na hawa da sauka a kan feda. Da rana takan ajiye hedifon ta buɗe ɗan kwanon abincinta, a nan ne na samu labarinta kaɗan-kaɗan. Mahaifiyarta ta rasa gani tun Anti tana 'yar shekara shida, amma ba a taɓa shigowa gidan ba ta san wanda ya shigo ba. Ta san jan takalmin kowa, ta san wanda ke tura ƙofa da kafaɗa da wanda ke turawa da ƙafa.

"In na dawo makaranta na ce lafiya lau, sai ta ce ƙarya kike, an dake ki, jakarki ma a hankali kika ajiye ta. Ka ga wanda ya tashi a gaban irin wannan uwa, dole ya koyi jin abin da ke bayan magana, ko don ya san yadda zai ɓoye nasa."

Tana da shekara goma sha bakwai wani kawunta, akawun kotu, ya kai ta makarantar koyon tafireta. Ta yi aure, ta haifi uku, mijinta direban motar asibiti ne har ya yi ritaya. Ita da ta buga kundaye sama da ɗari a kan kafofin sada zumunta, wayarta ƙarama ce mai madannai, an ɗaure murfin batirin da roba. 'Yarta ta saya mata babba har sau biyu, ta ba jikoki.

"Wuni nake muryoyin mutane na cikin kaina," ta ce. "In na koma gida kuma in zuba wasu a aljihu?"

Na tambaye ta ko ba ta jin haushin yadda ake tsallake jan rubutunta.

"Da ina ji. Daga baya na ga ai kaina nake yi wa. In ban rubuta an buɗe ƙofa ba, sai in ji kamar na yi wa mai maganar ƙarya, domin bayan an buɗe ƙofar ba irin maganar da yake yi da farko yake yi ba."

Ranar Juma'a da hantsi ta kira ni. Teburinta cike da shafuka, gefen kowanne ja wur. Ta miƙo mini hedifon, ta taka feda.

"Me ka ji?"

"Wani yana cewa an ga buhunan sinadari a bayan gidan burodi."

"Rabu da shi. Bayansa."

Na sake saurara. Akwai wata ƙara mai zuwa tana tsayawa, kamar ana jan ƙaramar sarƙa da sauri.

"Janareta?"

"Janareta yana tsayawa ya juya kwana? Saurara. Ya yi doguwa, ya tsaya, ya yi gajeriya. An kai ƙarshen hannun riga ke nan."

"Keken ɗinki!"

"Madalla, karatun waje bai tafi a banza ba. Yanzu ji wannan."

Wannan karon murya ce a fili: "Salamu alaikum iyayen yara, kayan 'yan aji uku sun kammala, a zo a karɓa." Bayanta shiru, sai ƙarar babur can nesa.

"Wannan shi ne telanka," ta ce. "Duk inda ya yi magana da bakinsa, keke a tsaye yake. Saƙon murya sai ka danne da yatsa kana magana. Shi kuwa hannu biyu na kan yadi, ƙafa na kan feda. Da wane hannun zai riƙe waya? Ni ma da ƙafa nake aiki, Dakta, na san ba a raba hankali."

Ta ware muryoyi goma sha uku daga wayar nan guda, ta ba kowace lamba da alamarta: ta biyu mace ce mai goyo, ta huɗu namiji ne mai yin gyaran murya sau biyu kafin ya fara, ta tara tana tauna wani abu. Cikin saƙonni sittin da ɗayan da na ɗora wa Tela, sittin keke na gudu a bayansu. Ɗaya ne kawai aka yi cikin shiru. Ta kunna mini shi.

"Jama'a, don Allah a bar maganar sinadarin burodin nan. Ba wanda ya gani da idonsa. Mutumin nan yana da iyali."

Manhajata ta ga kalmar burodi da kalmar sinadari, ta jefa shi cikin sauran.

"Sai dai abu ɗaya," Anti ta ce tana rufe biro. "Kunnena bai isa ya gaya mini keke nawa ne a shagon ba. In biyu ne, wani zai iya ɗinki shi yana magana. Wannan aikin ƙafarka ne."

Da la'asar na je. Shagon bai fi faɗin tabarma uku ba. Keke ɗaya ne, baƙi, na takawa, kuma ba shi da mai taya shi. A bakin ƙofa akwai benci, a ƙarshen bencin waya na caji da doguwar igiya. 'Yarsa da ke aiki a wani gari ita ke sa masa datar wata-wata, shi kuwa ba ya cinye ko kwata. Ina zaune wata mata ta tsaya da kwandon cefane.

"Tela, ara mini."

Ya gyaɗa kai bai ɗago ba. Ta ɗauka, ta juya baya, ta danne tana magana, keke na ta gudu. A duk shekarun da na yi ina koyon ƙidayar masu amfani da waya, ba a taɓa sa ni tambayar ko mutum nawa ne ke bayan lamba ɗaya ba. A can inda na yi karatu, ko miji ba ya taɓa wayar matarsa. Na kwaso wannan na zo da shi gida ban sani ba, ni da na girma a gidan da mutum goma ke sauraron rediyo ɗaya.

Anti ta so ta ƙi zuwa taron. Ta ce ita aikinta a bayan ƙofa yake. Na ce in na je ni kaɗai, takarda ce za ta yi gardama da takarda. Sai ta ce to in zo da lasifika mai kyau, ba irin ta ɗalibai ba.

An yi zaman a wani aji na makarantar firamaren unguwar. Dattawa biyar a gaba, mutane kamar arba'in a matse kan bencinan yara. Mai gidan burodin na zaune a layin farko, hannu a harɗe. Tela na can baya kusa da taga. Na nemi izini na miƙe, na ce takardar da na kawo akwai kuskure a cikinta, lambobi na ƙirga na kira su mutane.

"Amma da tambarin jami'a a kanta," in ji Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, ni na buga tambarin, ni kuma na yi kuskuren."

"To yanzu wa za mu yarda da shi, kai na ranar Litinin ko kai na yau?"

Aka yi dariya. Anti ta miƙe tana gyara mayafi.

"Kada ku yarda da ko ɗaya, Ciyaman. Kunne gare ku."

Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce kowa ya manta da mai magana ya saurari bayansa. Ta kunna na farko, keke na gudu. Na biyu, keke na gudu. Kafin na biyar wata tsohuwa ta ce, "Wallahi ɗinki yake yi!" Sai ta kunna sanarwar kayan 'yan aji uku, shiru a bayanta. A ƙarshe ta kunna wanda Tela ke roƙon a bar maganar. Mai burodi ya waiwaya ya dubi Tela, ya daɗe yana dubansa.

"To su wane ne?" ya ce. "Hajiya, ke kin ji su. Wata uku ina zubar da burodi. Ki faɗa mana."

"Na ji su, ɗana, su goma sha biyu ne ban da shi. An cuce ka, ba wanda zai ce ba a cuce ka ba. Amma amana aka ba mu muryoyin nan don karatu, kuma ka ga abin da ya faru da aka nuna mutum ɗaya da yatsa. Sauraro aka ɗauke ni aiki, ba kamu ba."

Mutane da dama sun sami abin kallo a ƙasan benci. Can sai ɗaya daga cikin dattawan, wanda tun farkon zama ya fi kowa zafi a kan a yi kora, ya yi gyaran murya, ya sake yi, ya ce shi a ganinsa a bar maganar cire kowa, a nemi yadda za a wanke gidan burodi. Aka tsaya a kan haka. Dattawan za su sa sanarwa a guruf da takardar duba-gari, kuma daga ranar duk wanda ya ari waya sai ya fara faɗin sunansa kafin ya yi magana. Ciyaman ya ba Tela haƙuri a gaban kowa. Tela ya ce ba komai, sai dai wanda ya karɓe yadinsa ya maido da wuri, hutun makaranta ya kusa ƙarewa.

A mota muna komawa Anti ta ce, "Murya ta huɗu tana da kirki. Ka ga ita ta fara neman sulhu."

"Anti!"

"Me na ce? Kalli hanya, Dakta."

Tela yana nan a guruf har yau, wayarsa na nan a ƙarshen benci. Burodin ya ɗauki watanni kafin ya dawo yadda yake, kuma ban taɓa wucewa ta gaban gidan ba tare da na ji nauyi ba, ko da yake ba ni na ƙirƙiri jita-jitar ba. Babin bincikena da ke kan lamba sha bakwai na yage shi na sake rubutawa, ya koma a kan wayar da ake aro, da yadda lamba ɗaya kan zama bakin unguwa guda. Na ce wa Anti zan sa sunanta kusa da nawa a kan takardar. Ta ce in sa in ina so, amma abin da ta fi buƙata shi ne kada in share jan rubutun. Yanzu kowane jadawali nawa yana da layi na musamman don abin da ke bayan murya.

Baɗi za ta yi ritaya. Watan jiya na shigo ofis na tarar da fedar a ƙarƙashin teburina, an haɗa ta da kwamfuta, hedifon a kan kujera. Ta ce ta samo wata a sito, wannan ta zama tawa. Ta ja kujera ta zauna a gefena, ta sa na cire takalmi, ta kunna wata hira da ɗalibina ya naɗo. Na yi minti biyu ina bugawa, na ce na gama wannan sashen.

"Me ya faru kafin matar da ake hira da ita ta ce ba ta yarda da labarin ba?"

"Ba komai."

Ta zaro jan biro daga jaka ta ajiye a gabana.

"Ɗaga ƙafa, Dakta. Koma baya."